Shayi Mai Sauƙin Ɗanɗano da Abin da Ke Ɓata Shi a Kofunanmu

A hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, da ido ake fara shan shayi. Kafin kofi ya kai baki an riga an yanke masa hukunci. In ya yi ja har ya doshi baƙi, ko madara ta kama shi ya yi kauri, to shayi ya yi. In kuwa ana hango gindin kofi ta cikinsa, sai a ture shi gaban mai shayi a ce, "Malam, wanga ai ruwa na, ƙara man ganye."

Ban ga laifin wannan ma'auni ba a inda ya dace. Mai lambun da ya yi sammako zuwa bakin madatsar ruwan Shagari cikin hunturu, da direban da ya kwana a hanya, da ɗan kabu-kabun da ke jiran fasinja a tashar Bodinga, babu wanda ya zo teburin mai shayi neman ƙamshi. Abin da zai riƙe musu ciki har azahar suke so: ruwan zafi, madara, sukari, Milo ko Bournvita, rabin burodi da soyayyen ƙwai. A irin wannan haɗi ganye ɗan rakiya ne, kuma dole ya zama mai ƙarfi, in ba haka ba madara ta binne shi.

Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauki ma'aunin tebur aka shiga da shi gida, aka auna wani shayi na daban. Yanzu kwalayen ƙunshin shayi mai zare sun yi yawa. Ban da Lipton da Top Tea da Highland da kowa ya sani, akwai waɗanda alhazai ke kawowa tsaraba daga Makka, da waɗanda ake sayowa a manyan kantunan Sakkwato da Kano, wasu an rubuta musu Ceylon, wasu Darjeeling. Daga cikinsu akwai baƙin shayin da tun daga gona aka yi shi don ya zama marar nauyi. Ruwansa garai-garai yake, launinsa tsakanin ruwan zuma da ja mai haske, daɗinsa kuma rabi a hanci yake. Sai uwargida ta tsoma ƙunshi ɗaya, ta ga bai yi duhu ba, ta ƙara na biyu, ta juye duka a tukunya ta tafasa, ta matse da cokali. Abin da zai fito ɗaci ne da bauri, sai a bi shi da sukari don a iya haɗiyewa, a ƙarshe a ce ganyen ne ba shi da kyau. Ganyen lafiyarsa lau. Dahuwar ce ba tasa ba.

Akwai dalilin da ya sa hannunmu ya saba da tafasawa. Shayi baƙo ne a ƙasar nan. Zamanin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga, fura da nono ake tarbar baƙo da su, abin wartsakewa kuwa goron Gwanja ne. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya rubuta yadda ya miƙa wa wani ɗan babban gida kofin shayi a Kano, saurayin ya ƙi sha don tsoron kada a rikiɗar da shi ya koma ɓera ko biri. Daga baya shayi ya shigo mana ta ƙofa biyu. Koren ganyen ƙasar Sin ya biyo Sahara a hannun Larabawa da Buzaye, shi ne ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, a tafasa, a sheƙa har ya yi kumfa, a sha na farko da na biyu da na uku. Baƙin ganye kuwa ya biyo Turawa da kantunansu, ya sauka a teburin mai shayi, inda tukunya ke kan wuta daga asuba har hantsi. Duka makarantun biyu darasi ɗaya suka koya mana, wato shayi sai ya daɗe a wuta. Babu inda muka koyi shayin da ake jiƙawa kawai a cire.

Kore da baƙi duk daga itace ɗaya suke, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Bambancin a sarrafawa yake. Ana tsinko toho da ganye biyu na ƙarƙashinsa, a shanya su har su yi laushi, a murza su, sannan a bar su su sha iska. A nan ne ganye ke rinewa. Wanda ya taɓa ɓantarar farin goro ya ajiye ya ga yadda wurin ɓantarar ke komawa ja ya riga ya ga wannan aiki da idonsa, domin abu ɗaya ne ke faruwa, kuma baurin da goro ke bari a harshe dangin wanda ke cikin shayi ne. Idan ganye ya rine yadda ake so sai a busar da shi da zafi, ya zama baƙin shayi. Kore kuwa tun da fari ake kashe shi da zafi don kada ya rine.

To me ya sa wani baƙin shayi ke da nauyi wani ba shi da shi? Abu uku ne: iri, da gona, da inji. Itacen shayi yana da manyan iri biyu, na ƙasar Sin mai ƙananan ganye da na Assam ta Indiya mai faffaɗan ganye, kuma na Assam ya fi ba da ruwa mai duhu da ƙarfi. Gona kuma, gwargwadon tsawon tsaunin da take kai gwargwadon sanyinta, a sanyi kuwa ganye a hankali yake girma, sai ya tara ƙamshi. Shi ya sa shayin Darjeeling, a gindin tsaunukan Himalaya, da na Nuwara Eliya a Siri Lanka, garin da ke kusan mita 1,900 sama da teku, suka yi suna wajen sauƙin ɗanɗano. Tsinkar farko ta Darjeeling, wadda ake yi a watannin Maris da Afrilu, ruwanta ma da kyar za ka kira shi ja, ga ƙamshi irin na fure, ga ɗan bauri kaɗan da ke wucewa ya bar baki wasai.

Maganar inji ta fi shafar mu. A tsohuwar hanya murza ganye ake yi a hankali, ya fito a nannaɗe. Amma a farkon shekarun 1930 wani Bature mai suna William McKercher ya ƙera inji a Assam wanda ke murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana. Wannan hanya, da ake taƙaita sunanta da CTC, ita ce ta mamaye duniya, saboda ganyenta yana sakin launi da ƙarfi nan take. Kenya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da baƙin shayi zuwa waje, kusan duk ganyenta haka ake yin sa, a kai shi kasuwar gwanjo ta Mombasa, kamfanoni su saya su gauraya. Mafi yawan ƙunshin da aka yi don a sha da madara daga irin wannan ganye yake. Wanda harshensa ya tashi a kan wannan, dole ya ga shayin kan tsauni kamar an cuce shi.

Shi kansa ƙunshin bai daɗe ba. A 1901 wasu mata biyu a birnin Milwaukee na Amurka suka nemi rajistar wata 'yar jakar jiƙa shayi, ana kuma ba da labarin wani ɗan kasuwar New York, Thomas Sullivan, wanda wajen 1908 yake aika wa abokan cinikinsa samfur a 'yan jakunkunan siliki, su kuma suka riƙa tsoma su a ruwa yadda suke. Ingila ma, duk da son shayinta, sai a 1953 kamfanin Tetley ya fara sayar mata da shi. Abin da ya kamata mai dafawa ya riƙe shi ne: a cikin ƙunshi ɗaya akwai ganye kimanin giram 2, kuma niƙaƙƙe ne. Niƙaƙƙen ganye yana sakin komai da sauri, mai daɗin da marar daɗin. Tazarar da ke tsakanin kofi mai ƙamshi da kofi mai ɗaci minti biyu ce kacal.

Kafin a zo kan minti, sai an gama da ido, domin shi ne babban mai ruɗin mu. Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A haɗa baƙin shayi ba madara, a raba shi kofi uku. A bar na farko yadda yake. A ɗiga lemun tsami a na biyu, za a ga ya washe ya yi haske. A jefa ɗan mitsitsin kanwa a na uku, za a ga ya yi duhu kamar an ninka masa ganye. Ganye ɗaya, ruwa ɗaya, launi uku. Sinadaran da ke ba shayi launi suna canjawa da tsami ko kishiyarsa, ba tare da ƙarfin shayin ya ƙaru ko ya ragu ba. Haka kuma launi yana riga ɗanɗano fita: cikin rabin minti ƙunshi zai rina ruwa, alhali ƙamshi da daɗin ba su gama fitowa ba. Don haka mai gaggawar da ke tsomawa sau uku ya cire, rinannen ruwa ya sha. Mai jiran duhu kuma, in ganyen mai haske ne, zai jira har bauri ya cika kofi duhun bai zo ba.

Wannan gwaji shi ya kawo mu ga ruwa, kuma a ganina a yankinmu ruwa ya fi komai ɓata shayi mai sauƙi. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa mai yawa, shi ne ma ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti. Rijiya ko burtsatsen da ya ratsa irin wannan dutse yakan ba da ruwa mai nauyi. Mata sun fi kowa gane shi: sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, kuma yana barin farin ɓawo a gindin buta. In aka dafa shayi da shi, ruwan yakan yi duhu marar sheƙi, ƙamshi ya dushe, sannan wata 'yar yana mai ƙyalli ta taso a sama ta manne a gefen kofi. Mutane da yawa suna zaton datti ne ko maiƙo daga ganyen. A 1993 wasu masana biyu na Imperial College da ke Landan, Michael Spiro da Deogratius Jaganyi, suka bayyana cewa sinadarin farar ƙasa da ke cikin ruwa ne ke haɗuwa da sinadaran shayi ya yi wannan yana. Ba ta cutarwa, amma alama ce cewa ruwan yana cinye daɗin ganye. Shayi mai ƙarfi da madara zai iya jure wannan. Mai sauƙi ba zai iya ba.

Maganin ba shi da tsada. Unguwa ɗaya ma rijiyoyinta sukan bambanta, kuma kowa ya san wadda ruwanta ya fi daɗin sha, to ita ce ta shayi. In babu, ruwan leda mai kyau guda ɗaya rabin lita ne, ya ishi kofi biyu har da saura. Ruwan zartsi kam a bar shi. Ruwan famfo mai warin magani a tara shi a bar shi ya kwana a buɗe. Sannan a kula da abin dafawa. Butar da aka saba dafa citta da kanumfari a cikinta ta riga ta kama, duk ruwan da ya shige ta zai fito da ƙamshinsu. Tukunyar da aka ɗora a murhun itace ba murfi kuwa hayaƙi za ta sha.

Zafin ruwa shi ne na gaba. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa yanzu-yanzu. Mai sauƙin ɗanɗano sosai, irin tsinkar farko ta Darjeeling, ya fi kyau a sauke ruwan a ba shi kamar minti ɗaya ya sauko wajen digiri 90. Kuskure biyu ake yi a nan, kuma kishiyoyin juna ne. Na farko tafasa ƙunshi a kan wuta, wanda ke kore ƙamshi ya bi tururi, ya bar bauri. Na biyu ya fi yawa a gidaje, musamman lokacin sahur: ruwan filas da aka zuba tun bayan isha'i. Zai ƙona harshe, amma ya yi sanyin da ba zai buɗe ganye ba, sai shayi ya fito lami. Cikin hunturu ma kofin kansa ɓarawon zafi ne. A ɗauraye shi da ruwan zafi tukuna, a sa ƙunshi a ciki, sannan a zuba ruwa a kansa. Kada a cika kofi a jefa ƙunshi daga sama ya yi ta yawo. A rufe da faranti. Kofin tangaran ko na gilashi ya fi na roba, domin roba tana riƙe warin abin da aka sha jiya.

Ƙunshi ɗaya na kofi madaidaici ne, kimanin mililita 200. Babban kofin mai shayi ya kusa ninka haka, shi ya sa ƙunshi ɗaya ke ɓacewa a cikinsa. Wanda yake son babban kofi ya sa biyu, amma kada ya ƙara lokaci. Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi muhimmanci: ƙarin ganye yana ƙara ƙarfi, ƙarin lokaci bauri kawai yake ƙarawa. Minti 2 zuwa 3 sun ishi shayi mai sauƙi, a duba agogon waya, kada a yi kirdado. Masu sana'ar ɗanɗana shayi a kamfanoni sukan jiƙa giram 2 a mililita 100 har minti 6, amma su aibin ganye suke nema ya fito fili, kuma tofarwa suke yi. Idan lokaci ya cika a ɗaga ƙunshin ya tsane da kansa, a fitar. Matsewa da cokali tana turo ruwan da ya fi kowane bauri, wani lokaci har takarda ta fashe gari ya zube.

Na san a gidaje da yawa ba a jefar da ƙunshi bayan kofi ɗaya, kuma da tsadar kayan yau ba wanda zai ga baiken haka. Sai dai gaskiya kofi na biyu launi ne kawai ya saura a cikinsa. Ya fi riba a jiƙa ƙunshi ɗaya a ruwa mai ɗan yawa sau ɗaya, a raba ƙananan kofuna biyu. Jiƙaƙƙen ƙunshin da ya wuni a zafin Afrilu kuwa ba abin sake sha ba ne.

Sai madara. Abin da take yi shi ne kama sinadaran bauri ta kwantar da su, shi ya sa take gyara shayi mai ƙarfi. Mai sauƙi ba shi da baurin da za a kwantar, don haka abin da madara za ta rufe ƙamshinsa ne. Ta gwangwani tana da nata ɗanɗanon dahuwa, ta gari kuma wata da man tsirrai ake haɗa ta. In dai ba a iya sha sai da ita, cokali ɗaya ƙarami ya isa. Citta, kanumfari, masoro da kimba suna da daɗi, ni ma ina son su ranar mura, amma gidansu shayi mai ƙarfi ne. Ganyen na'a-na'a ɗaya ko ɓawon lemun tsami kaɗan shi ne iyakar abin da mai sauƙi ke ɗauka. Sukari ma a rage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Wanda ke zuba babban cokali uku a kofin safe ya kusa cinye rabonsa na yini kafin hantsi. Amfanin shayi marar ɗaci ke nan, ba ya neman abin da zai ɓoye shi.

Akwai abu biyu na lafiya da ban so a wuce su ba, ko wane irin shayi ake sha. Sinadaran baurin nan suna hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake, gero da ganyaye, shi kuwa wannan sinadari da shi jiki ke yin jini. Mai ciki, da mai shayarwa, da yara, da duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, su bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, kuma ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a awon ciki kada a kora ta da shayi. Na biyu zafi ne. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙoshi. Sheƙawar da mai shayi ke yi daga kofi zuwa kofi ashe ba ado ba ce kawai. Shayi mai sauƙi kuwa kada a sheƙa shi, ƙamshinsa zai bi iska, a ajiye shi ya huce da kansa. Daɗinsa ma sai ya ɗan huce yake fitowa.

Wani lokaci kuma tun kafin ganye ya iso gida ya mutu. Busasshen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. A ƙananan shaguna sau da yawa za ka ga kwalin shayi a buɗe, ana sayar da ƙwaya-ƙwaya, a gefensa sabulu da garin wanki da dunƙulen miya, ƙarƙashin kanta ga galan na kananzir, rufin kwano kuma na ta zuba zafi. A ɗaki kuma turaren wuta ne ke gamawa da shi. Ƙunshin da aka naɗe kowane ɗaya a takardarsa ya fi tsira. Sauran a juye su a gwangwani mai murfi, busasshe, wanda bai taɓa ɗaukar yaji ba, a ajiye a inuwa, musamman da damina. A duba ranar lalacewa a jikin kwali, kuma kada a sayi abin da ba za a shanye cikin wata biyu ko uku ba.

Ba sai an je Indiya ba kafin a ga shayin kan tsauni. A tsaunin Mambila na Jihar Taraba, sama da mita 1,500, akwai gonar shayi a Kakara cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda aka kafa tun shekarun 1970, daga can Highland Tea ke fitowa. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku inda ake nazarin itacen shayi. Da yawa daga masu shan sa a Bodinga da Shagari ba su taɓa jin ainihin ɗanɗanonsa ba, domin ba su taɓa barin sa ya zo baki shi kaɗai ba.

Shawarata ga mai saye ita ce ya fara sanin abin da yake so. In kauri ne da madara da burodi, ya sayi ganye mai ƙarfi mai araha, kada ya ɓata kuɗinsa a kwalin da aka rubuta wa Darjeeling. In kuwa an kawo masa mai sauƙi tsaraba, ya nemi ruwa mai daɗi, ya ba shi minti uku, ya sha kofin farko ba madara kafin ya ce komai a kansa. Masu shaguna kuma, don Allah a raba kwalin shayi da sabulu.